Zauren Iyali: Nagona da Tagona

 

Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin kiran suna a lakkwal ya san Bahaushe ba ya ɓoye labarin haihuwar ɗansa, a cikin laƙabi yake adana shi. In ka ji Anaruwa, ka san ana tsuga ruwa ya zo duniya. Shibkau lokacin shuka, Nomau lokacin noma, Sallau kuwa ranar salla. To amma in ka ji Nagona ko Tagona, wurin haihuwar ake gaya maka: uwar ta fita da ƙwaryar fura a ka za ta kai wa manoma, ta komo da jinjiri a cikin zane.

Irin wannan labari ba ƙauyen da ba shi da nasa. Wata a bakin rijiya, wata wurin itace, wata bisa amalanke tsakanin gida da likita. Akwai wadda ake cewa a cikin motar kasuwa abin ya taso mata, direba ya tsaya, aka sauke maza suka koma gindin wata bishiya, mata suka kewaye ta da zannuwa. Da aka ji kukan jinjiri kowa ya yi hamdala, sai yaron mota ya matso yana tambaya ko wa zai biya kuɗin sabon fasinja.

Kuma abin ba yau ya fara ba. A cikin suratu Maryam mun karanta cewa a gindin dabino naƙuda ta kama Nana Maryama, nesa da mutanenta. Haka Asma'u ƴar Umaisu, matar Sayyidina Abubakar, ta haifi ɗanta Muhammadu a Zul Hulaifa, bisa hanyar Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira. Saboda haka haihuwa a fili ba abin kunya ba ce, kuma ba abin gori ba ce.

Sai dai, jama'a, labarin da ya ƙare lafiya shi kaɗai ake bayarwa ranar suna ana dariya. Wanda bai ƙare lafiya ba, a wurin zaman makoki ake jin sa, shi ma a takaice. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da ke sa naƙuda ta riski mace a hanya.

Na farko dai kunya. An koya wa ƴaƴanmu mata cewa jaruma ita ce wadda ta haihu ba a ji ko tarinta ba, balle mai cikin fari da ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Sai ta yini tana cije leɓe tana daka, ba ta faɗa ba sai abu ya kai intaha. Na biyu sabo. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a lissafin tsaka-tsaki macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7. Wadda ta yi biyar ko shida sai ta ɗauka ta san lokacinta, alhali sau da yawa naƙudar baya ta fi ta fari sauri. Na uku nisa, musamman da damina, sa'ad da ƙorama ta cika ta raba ƙauye da hanyar mota. Na huɗu kuwa namu ne mu maza. Maigida ya tafi ci-rani Abijan ko Legas, bai bar izini ba, bai bar kuɗin mota ba, sai a tsaya neman wanda zai ce a tafi.

To in Allah ya ƙaddara abin ya same ku a fili, ga abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa. A shimfiɗa zane mai tsabta, mai taimako ta wanke hannu da sabulu in akwai. Da jinjiri ya faɗo a goge shi ya bushe, in bai yi kuka ba a murza bayansa, sa'an nan a ɗora shi bisa ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su duka har kansa. Sanyi yana kama jinjiri ko da rani, don haka wanka ya jira sai an kwana. Kada a ja cibiya don a fito da mabiyiya, a bari ta zo da kanta. In likita na kusa, ba dole ne a yanke cibiya a nan ba. In kuwa ya zama tilas, a ɗaure wuri biyu da zare mai tsabta, a yanke tsakani da sabuwar reza. Ban da wuƙar girbi, ban da tsagin kara, kuma kada a shafa toka ko ƙasa, don ta nan ne ciwon da ke sandare jinjiri, wanda likitoci ke kira tetanos, yake shiga. A sa shi ga nono tun cikin sa'ar farko. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na farko, kuma tsotson yana taimakon mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Daga nan a wuce likita ko da kowa yana ganin lafiya lau. In jini ya ƙi tsayawa, ko uwa ta fara jijjiga, ko mabiyiya ta ƙi fita, to ba a jiran gari ya waye.

Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. Wurin awo ne ake yi mata allurar tetanos, a gaya mata watan da za ta sa rai. Aikin maigida ne ya san wannan wata, ya ajiye ƴan jikkuna a gefe, ya yi magana da mai amalanke ko mai mota tun da wuri, ya kuma gaya wa mutanen gida a fili cewa ko ba ya nan a kai ta. Wannan shi ne irin abin da ake tattaunawa a makarantun mazaje da aka soma a jahar Damagaram a shekarar 2008. Bayan suna kuma kada a manta da takardar haihuwa. Wanda aka haifa a likita ana rubuta shi nan take, amma Nagona sai ubansa ya taka ya je ya faɗa. In aka yi sakaci, mu malamai ke ganin wahalar, ranar da za a haɗa takardun jarrabawa a ga yaro sai an bi ta gidan shari'a an ƙiyasta masa shekaru.

Haihuwa kuwa somin taɓi ce, reno shi ne dogon aiki, kuma shi ma dariyarsa da haɗarinsa tare suke tafiya. Wane uba ne bai san yaron da aka aika ya sallami mai bin bashi ba, ya je ya ce, “Baba ya ce wai ba ya nan”? Ko wanda aka tafi da shi masallaci, kafin a sallame ya tattara takalman jama'a ya jera su reras, babu ƙafa biyu da suka dace? Ko yarinyar da ta sami tandun kwallin uwarta ta yi wa ƙanenta ado har kunnuwa? Ga kuma maigidan da aka bar wa jinjiri na rabin sa'a, aka dawo aka tarar ya goya shi da rawani, su biyun duk suna neman agaji.

Waɗannan a yi dariya a wuce. Amma yaron da ya tura ƙwayar wake a hanci, kada a bi ta da tsinke, ƙara cusa ta za a yi; a kai shi likita. Kananzir da fetur da ake zubawa a kwalbar lemo a ajiye bayan ƙofa, yaro bai san bambanci ba. In ya sha kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa nono ko manja, don aman ne ke kai shi ga huhu. A garzaya da shi. Bokitin ruwa a tsakar gida ya isa ya halaka mai rarrafe, haka tokar murhu da ake gani kamar ta huce. A rufe wancan, a kashe wannan da ruwa, a rataye magani inda hannu ba ya kai.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, a ɗaki ko a gona, ya raya mana zuriya bisa tafarki nagari. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.