Ladan yini guda: Ɗaliban Turai na miƙa hannu yayin da gwamnatoci ke janye nasu

Kowace shekara idan hunturu ya kawo jiki a ƙasar Norway, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, akwai ranar da dubban ɗaliban sakandare ba sa shiga aji. Wasu su kama sharar gidajen maƙwabta, wasu su kwashe busasshen ganye a lambuna, wasu su gasa burodi su sayar a bakin titi, wasu kuma su yini suna aiki a kanti ko ofis. Ladan da aka biya su ba ya kwana a aljihunsu. Ana tara shi a asusu guda domin ilimin yara da matasa a Afirka, Asiya da Kudancin Amurka. Sunan shirin Operasjon Dagsverk, wato aikin yini guda.

Tushen al'adar yana Sweden. A watan Satumban 1961 jirgin da ke ɗauke da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Dag Hammarskjöld, ya faɗi kusa da garin Ndola da ke Zambiya ta yau, yana kan hanyar sasanta rikicin Kwango. Ɗaliban ƙasarsa suka zaɓi tunawa da shi ta hanyar sadaukar da gumin yini ɗaya ga takwarorinsu na ƙasashe matalauta. Norway ta ɗauka a 1964, Finland a 1967, Denmark kuma a 1985. Shekara sittin ke nan da ɗoriya ana wannan gayya, ɗaliban farko sun zama kakanni, jikokinsu sun gaje su.

Abin da ya bambanta shirin da yawon neman taimako da kwano a hannu shi ne tsarinsa. Ƙungiyoyin agaji ne ke gabatar da ayyukan da suke son a tallafa, ɗalibai su kaɗa ƙuri'a su zaɓi guda. Kafin ranar aiki, makarantu kan ware kwanaki ana karantar da tarihin ƙasar da za a taimaka, da yanayin rayuwar matasanta, da musabbabin matsalar da ake son magancewa. Kuɗin kuma ba a raba shi hannu da hannu. Yana bi ta ƙungiyar da aka zaɓa zuwa abokan aikinta na can ƙasar, a kashe shi cikin shekaru, a kuma yi bayanin yadda aka kashe.

A Jamus ma haka lamarin yake. A 1992, lokacin da yaƙi ke cin tsohuwar Yugoslabiya, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar Schüler Helfen Leben suna kai kayan agaji yankin, daga 1998 kuma suka fara tasu ranar aikin a jihar Schleswig-Holstein. A 2003 ƙungiyar Aktion Tagwerk ta soma irin wannan a jihar Rheinland-Pfalz, wadda ke da ƙawance da Ruwanda tun 1982, inda ladan ɗalibai ke tafiya ga karatun yara da koyon sana'ar matasa a ƙasashen Afirka.

Dalilin da ya sa wannan tsohuwar al'ada ta cancanci sabon nazari shi ne sauyin da aka gani a fagen agajin duniya. Ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta ce tallafin raya ƙasashe da mambobinta suka bayar a 2024 ya kai kimanin Dala biliyan 212, raguwar fiye da kashi 7 cikin 100 kan na shekarar da ta gabace ta. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka na ƙetare, kafin watan Yuli kuma aka naɗe tabarmar hukumar USAID. A Fabrairu Firaministan Birtaniya Keir Starmer ya sanar da rage kason agaji daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa daga 2027, domin ƙara kasafin tsaro, lamarin da ya sa ministar raya ƙasashe Anneliese Dodds ta ajiye aiki. Alƙawarin kashi 0.7 da aka ɗauka a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1970, ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi.

Raɗaɗin wannan janyewa ya iso har gida. A Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙarancin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimakon abinci ga mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabashin Najeriya, tare da rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe.

Idan aka ɗora ladan ɗalibai a kan wannan ma'auni, gaskiya ɗaya ce: tazarar ta yi yawa. Abin da yara ke tarawa da tsintsiya da tiren burodi ana ƙirga shi da miliyoyi, abin da gwamnatoci suka zaftare kuwa da biliyoyi. Duk wanda ya ɗauka gayyar makarantu za ta toshe wannan giɓi ya yaudari kansa. Akwai ma haɗarin 'yan siyasa su riƙa yabon yaran a bainar jama'a, su fake da karamcinsu, alhali su ne ke yanke kasafin.

Akwai kuma ƙorafe-ƙorafe daga cikin gida. Wasu malamai na ganin asarar ranar karatu ce. Wasu na cewa sau da yawa iyaye ne ke ɗaukar 'ya'yansu aiki, don haka ɗan mai hali ya fi ɗan talaka kawo kuɗi ba tare da ya fi shi gumi ba. Suka mafi nauyi ita ce ta hoton da ake zana wa Afirka a zukatan yara: nahiyar yunwa da ƙuda, mai jiran mai ceto daga waje. A 2012 ƙungiyar ɗaliban jami'o'in Norway mai suna SAIH ta fitar da wani bidiyon barkwanci inda 'yan Afirka ke tara na'urorin ɗumama ɗaki domin ceton mutanen Norway daga sanyi. Saƙon ya isa inda aka aike shi: taimakon da ke zubar da mutuncin wanda aka taimaka ya rage albarka.

Duk da haka, kuskure ne a auna shirin da kuɗi kaɗai. Kasafin agaji a ƙasashen dimokuraɗiyya yana tsaye ne a kan yardar masu zaɓe, kuma shi ne na farko da ake yanka idan aljihu ya matse, domin waɗanda ke cin moriyarsa ba su da ƙuri'a a can. Yaron da ya yi mako yana karanta yadda takwarorinsa ke rayuwa a Ruwanda ko Bosniya, ya yi muhawara, ya zaɓi aikin da za a tallafa, sannan ya ba da guminsa, gobe shi ne mai jefa ƙuri'a, ɗan jarida ko ɗan majalisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba za a ce ranar aikin ɗalibai ce ta sa Norway ke ware kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta ga agaji ba, arzikin man fetur na da nasa kaso, amma da wuya irin wannan manufa ta daɗe a ƙasar da ba a tarbiyyantar da jama'arta a kanta ba.

Saboda haka makomar shirin ta rataya ne a kan kwanakin karatun da ke gabatar ranar aiki fiye da abin da aka ƙirga da yamma. Idan makarantu suka bari ya koma tara kuɗi zalla, ɗigo ne a cikin rairayi. Idan kuwa suka ci gaba da koya wa yara dalilan talauci, har da rawar da bashi, ciniki da manufofin ƙasashensu ke takawa, to ɗaliban da ke share lambu a bana su ne za su tambayi gwamnatocinsu inda aka kwana kan alƙawarin 1970.