Ina Motoci Masu Ƙofa Biyu Suka Shige?

 Da yawa daga cikinmu mun taso muna sha'awar mota mai ƙofa biyu, irin wadda jarumin fim yake figa a guje. To, motar da muke buri idan mun fara ɗaukar albashi tana neman ɓacewa kafin mu kammala karatu.

Kamfanin Honda ya daina ƙera Accord mai ƙofa biyu bayan samfurin 2017, ya kuma sallami Civic mai ƙofa biyu bayan na 2020. Volkswagen Beetle, wadda aka taɓa haɗawa a Legas, ta fito ta ƙarshe daga masana'antar Puebla a Meziko a 2019. A ƙarshen 2023 kuma aka dakatar da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger da Audi TT. Ford Mustang, wadda ta fito tun 1964, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Me ya jawo haka? Na farko, jif ta cinye kasuwa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023 jif-jif ne. Mai saye yana son mota mai tsayi, mai faɗin but, wadda za ta kwashe iyali da kaya.

Na biyu, wahalar shiga baya. Sai an kwantar da kujerar gaba mutum ya sunkuya ya kutsa. A Turai da Amurka doka ta tilasta ɗaure ƙananan yara a kujerarsu ta musamman, kuma yin hakan ba ƙofar baya aiki ne ja. Ga ƙofar da tsawo, buɗe ta a matsattsen wurin ajiye motoci sai an yi dabara.

Na uku, lissafin kuɗi. Kowane sabon gangar jiki yana buƙatar nasa injinan buga ƙarfe da nasa gwajin haɗari. Idan masu saye kaɗan ne, riba ba ta fita. Sannan tun da Mercedes ta fito da CLS a 2004, kamfanoni suka gane ana iya ba mota mai ƙofa huɗu irin wannan siffa mai ɗaukar ido.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin da muke hawa na hannu ne daga Amurka da Turai. Abin da ba a ƙera can yau ba, ba zai iso Kwatano ko Apapa nan da shekara goma ba. Wanda ya sayi tsohuwa mai ƙofa biyu ya sani cewa kayan inji za su iya zuwa ɗaya da na mai ƙofa huɗu, amma ƙofa da gilashin gefe daban suke. Ranar sayarwa kuma masu taya ba su da yawa, don mai iyali da ɗan tasi ba za su kalle ta ba.

Saboda haka, idan lokacin sayen motarmu ta farko ya zo, mu tambayi bakanike da dillali kafin mu biya, mu kuma tuna da iyayenmu da za su zauna a baya. Masu karatun injiniya da kasuwanci kuwa su riƙe darasin: kyan kaya ba ya hana shi kwantai idan bai biya buƙatar mai saye ba.

Sai mako mai zuwa.