Ɓuya Ba Ta Tsare Unguwa: Mu Saka Sabo a Taswira da Hannunmu



Akwai wata magana da ke yawo a majalisunmu bayan sallar Isha'i, wai kada kowa ya kuskura ya saka shagonsa a taswirar Google, domin yin haka tona asirin unguwa ne, gayyato masu haraji ne da 'yan ta da zaune tsaye. Masu faɗin haka dattawanmu ne, muna girmama su. Amma a wannan gaɓa ba mu yarda da su ba, kuma za mu faɗi dalili.

Da farko, wa muke ɓoye wa? Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Ibadan. Mai karɓar haraji ya san ƙofar kowane shago tun kafin a haifi mai kamfanin Google. Ɓata-gari ma ba taswira suke jira ba. Wanda kawai muke ɓacewa shi ne mai saye: baƙon da ya sauka a Mokola yana neman ɗan canji, ko mai tsire, ko teloli, ya danna waya ya bi inda ta nuna masa. Idan sunanka ba ya ciki, wallahi cinikin ya tafi wurin wani.

Na biyu, taswirar nan ba ta neman izininmu. Duk mai asusun Google yana iya ƙara wuri, ya raɗa masa suna, ya liƙa lambar waya, ya ba shi taurari ko ya kushe shi. Ke nan in ba ka rubuta shagonka ba, wani zai iya rubuta maka, har ɗan damfara ya sa lambarsa a kan sunanka. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, to don me za mu bar wa bare ya siffanta ɗakinmu?

Mu dubi Makoko a Legas. A 2012 hukuma ta ba su wa'adin awa 72, ta rushe wani sashe na unguwar. A 2019 ƙungiyar Code for Africa ta horar da matasan wurin, suka bi lungu-lungu a kwalekwale, da taimakon jirage marasa matuƙa, suka zana makarantu da asibitoci da wuraren ibada a OpenStreetMap. Sun gane cewa unguwar da ba ta a rubuce, ita ake saurin cewa babu kowa a cikinta.

Haka abin yake a Facebook da WhatsApp. Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ba, yadda aka ƙona shaguna da gidaje, hotuna da jita-jita suka cika wayoyi, na gaskiya da na ƙarya. A irin wannan rana, wanda ba shi da murya a intanet sai dai a ba da labarinsa yadda aka ga dama.

Masu cewa wannan bidi'ar Turawa ce kuwa, su tuna malami Musulmi, Al-Idrisi, ya kammala shahararriyar taswirarsa ta duniya a 1154. Yau ma da wayar nan matafiyi ke gano alƙibla.

Tsoron dattawa yana da gurbinsa, shi ya sa muke cewa a yi da tsari. Ba a saka gidajen kwana, ba a saka hoton iyali, ɗan canji kada ya nuna inda yake ajiya. A saka masallatai, Islamiyyu, shaguna, kemis da tasha, da sahihin suna da lokacin buɗewa. Rajistar shago a Google kyauta ce.

Ku kuma samari, datar da kuke ƙonawa a TikTok kuna zagin juna ta isa wannan aiki. Muna kira ga fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai su zaɓi amintattun yara a kowane layi, su bi shago-shago da yardar masu su, a gama kafin azumi. Kakanninmu da ƙafa suka zo suka kafa wurin nan, kada sakacinmu ya share shi daga idon duniya.

Allah Ya tsare mana unguwarmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.