Makanikan Canki-canki, Ku Ji Tsoron Allah!

Yau da masu gyaran mota nake.

Ranar Alhamis muka kama hanyar kasuwar Maigatari daga Dungas cikin wata tsohuwar 504. Direba ya kashe ta don ɗaukar kaya, shi ke nan ta ƙi tashi. Muka tura har muka gaji. Makanike ya zo, ko makulli bai murɗa ba ya ce bobin ce. Ɗan kabu-kabu ya sayo, shiru. Ya ce delko ne. Jika ashirin ta tafi, kasuwa ta watse. Ƙarshe yaron mota ne ya kankare kan batir da ya yi farin gari, ya ɗaure tam, sai ga mota ta tashi!

Haba malam! Tsohuwar motar esansi abu uku za ka fara dubawa. Ka murɗa makulli: in ƙas-ƙas kawai ka ji, fitilu suka dushe, batir ne ko kansa. In inji na juyawa bai kama ba, cire buji ka jingina shi da ƙarfen inji, ka ga ko yana wuta. In akwai wuta, duba ko mai na isa karbireta, don ruwa-ruwan kwalba ba ya rasa datti.

Gwajin nan ko dala ba ya ci. To, da mai naƙuda muka ɗauko fa? Masu mota, kada ku sake biyan kuɗin kayan gyara sai an gwada a gabanku.