Ba Kowane Zafin Jiki Ne Maleriya Ba

Akwai wani ra'ayi da ya kafu a zukatan jama'armu, birni da ƙauye, mai boko da mai allo, har ya zama tamkar ijma'in da ba a yarda kowa ya saɓa masa, shi ne cewa da zarar uwa ta ɗora hannu a goshin ɗanta ta ji zafi, to, magana ta ƙare, zazzaɓin cizon sauro ne, abin da ya rage kawai a nemo kuɗin magani. Ni kuwa a ganina wannan ra'ayi, duk da yawan masu riƙo da shi, yana daga cikin manyan dalilan da suka sa muke rasa ƙananan yara, domin zafin jiki alama ce da cututtuka masu yawa suka yi tarayya a cikinta, kuma wanda ya ba ta suna guda tun bai bincika ba, ya toshe wa kansa hanyar gano sauran.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa ra'ayin yana da asali. Maleriya babbar annoba ce, Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya, kuma tana iya halaka yaro cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka yi sakaci. A zamanin da babu hanyar tabbatar da ita sai da madubin likita, wanda ba a samunsa sai a manyan asibitoci, masana da kansu suka yi rangwame cewa a ƙasashen da cutar ta yi katutu a ba kowane yaro mai zazzaɓi maganinta ba tare da jira ba. Amma wannan sassauci ne na lalura, kuma kowane almajiri ya sani ba a taimama alhali ga ruwa. Tun a shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya matsayi, ta ce a tabbatar da cutar da gwajin jini kafin a ba da magani, saboda an samu ɗan abin gwajin gaggawa, wanda ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya wadatar da shi, kuma cikin minti 15 zuwa 20 yake ba da amsa. Hukuncin ya canja tun tuni, mu ne muka ci gaba da taƙlidi ga tsohuwar fatawa bayan illarta ta gushe.

Duk wanda ya tsaya a bakin kemis bayan sallar isha'i ya san yadda abin yake gudana. Za a turo yayan yaron da kuɗi a dunƙule cikin hannu, ya ce, "Wai in ji Umma, a ba da na maleriya, jikin auta ya yi zafi." Mai kemis, wanda bai ga majinyacin ba, bai tambayi watanninsa ko nauyinsa ba, balle ya ji ko yana tari, sai ya miƙo kwali da kwalbar farasitamol, ya ce Allah ya sawwaƙe. Farasitamol zai saukar da zafin na 'yan sa'o'i, hankalin gida ya kwanta, a yi hamdala cewa magani ya karɓe shi, alhali kuwa ainihin cutar tana can cikin huhu tana cin ƙarfinta, har sai an wayi gari a kwana na uku ko na huɗu yaro ya kasa kama nono, sannan a ɗauke shi a guje zuwa asibiti, a lokacin da ƙwayoyin sha ba su isa ba, sai allura da iskar oksijin, wadda ba kowace asibitin karkara ce take da ita ba.

Wannan cuta da ake yawan tsallakewa ita ce nimoniya, wadda wasu suke kira sanyin haƙarƙari, kuma a kanta nake so mai karatu ya tsaya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000, kuma UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa asara, da yara 162,000. Abin takaicin shi ne, gano ta ba ya bukatar na'ura mai tsada. A tsarin duba yara marasa lafiya da hukumomin nan biyu suka shimfiɗa tun shekarun 1990, an umarci ma'aikaci ya ɗage rigar yaro a lokacin da yake natse ba ya kuka, ya dubi agogo, ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan jariri bai kai wata biyu ba ya yi numfashi 60 ko fiye, ko ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya ya yi 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar ya yi 40, to, numfashin ya yi sauri. Idan kuwa aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, lamarin ya ƙara tsanani. Mafi yawan masu irin wannan hali amokzisilin na 'yan kwanaki yake warkar da su da izinin Allah, idan an fara da wuri, maganin maleriya kuwa ko an ɗura musu kwali goma ba ya taɓa ƙwayar cutar. Ga shi kuma muna zaune a ƙasar hunturu da ƙura, inda uwa take goye da jariri a madafi cikin hayaƙin itace safe da yamma.

Sanƙarau ma da zafin jiki yake sallama, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano da sauran jihohin Arewa ba sa bukatar a tuna musu. A jariri wuya ba lalle ya sanƙare ba, sau da yawa maɗiga ce take kumbura. Haka ƙyanda, haka ciwon kunne da na mafitsara. Jaririn da bai cika wata biyu ba kuwa, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi fiye da ƙima, asibiti kawai za a nufa da shi.

Laifin bai tsaya ga iyaye da masu kemis ba, kuma a nan ne nake ganin an fi cin amana. Sau nawa ake yin gwajin, ya nuna babu maleriya, amma ma'aikaci ya ce ai abin gwajin ne bai gani ba, ya rubuta maganin duk da haka, ko don bai amince da kayan aikinsa ba, ko don ya san mahaifin da ya biya kuɗin mota ba zai ji daɗin komawa gida hannu rabbana ba? Wani kuma sai ya haɗa da taifot don kada a ce bai yi ƙoƙari ba, bisa wani tsohon gwaji da masana suka daɗe da bayyana rauninsa. Gwajin da ya ce babu, umarni ne ga ma'aikaci ya ci gaba da bincike, ya leƙa kunne da maƙogwaro, ya duba wuya da ƙirji. Hatta gwajin da ya ce akwai bai sauke masa wannan nauyi ba, domin a lokacin damina yaro yana iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa kuma nimoniya tana cin huhunsa a lokaci guda.

Masu jayayya za su ce akwai ƙauyukan da babu abin gwajin, kuma jira haɗari ne. Wannan gaskiya ne, kuma inda ba shi da hali, ba wanda ya ce a hana yaro magani. Sai dai agogo yana cikin kowace wayar hannu, kuma ido ba ya bukatar kasafin kuɗi kafin ya ga yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa, waɗanda kowace ɗaya daga cikinsu ta isa hujjar tafiya babbar asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ranar da ɗanka ya yi zazzaɓi, ka kai shi da kansa a gan shi, kada ka aika. Kafin ka biya kuɗin magani ka tambayi ma'aikacin cikin ladabi, "Malam, an gwada jininsa? An ƙirga numfashinsa?" In ya ce a'a, ka roƙe shi ya yi a gabanka.