Raddi Ga Masu Cewa A Sakar Wa Askarawa Mara

Wata magana ta yaɗu a majalisun Rikoto a Zuru: wai ya kamata gwamnatin Kebbi ta kafa askarawa irin na Katsina da Zamfara, ta ɗanka musu bindigogi, ta kawar da kai daga duk abin da suka aikata, mai zancen haƙƙin ɗan Adam kuwa lauyan ɓarayin daji ne. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko, sun ce jininmu ya kwarara da yawa. Haka ne. Ƙasar Zuru ba ta manta kwanton ɓaunar Maris 2022 a yankin Sakaba ba, inda aka kashe 'yan sa-kai sama da 60. Amma wannan dalili ne na neman horo, kayan aiki da bayanan sirri. Bai halatta jinin wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, ba a shari'a ba, ba kuma a sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ba.

Ta biyu, sun ce kisa babu bincike yana razana ɓarayi. A Oktoba 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. Cikin watan nan 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. Wa ya razana? Talakan da ya je cin kasuwa ne ya biya bashin.

Ta uku, sun ce kaki da albashin gwamnati za su sa askarawan su shiga taitayinsu. A Sudan, Umar al-Bashir ya yi wa mayaƙan Janjawid wannan gata a 2013, ya mayar da su rundunar RSF, aka yi musu doka a 2017. A 3 ga Yuni 2019 suka buɗe wa masu zaman dirshan wuta a Khartum, a Afrilu 2023 kuma suka gwabza da sojan ƙasar kansa. Mu ma mun ga SARS: 'yan sanda ne cikakku, amma azabtarwarsu ta sa dole aka rushe su a Oktoba 2020.

In za a kafa rundunar, to hakimai su tantance masu shiga, a ɗauki Badakkare, Bahaushe, Bakambare da Bafulatani, a yi wa kowace bindiga rajista, wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan sanda, askarin da ya yi kisa kuma ya gurfana gaban alƙali a bainar jama'a. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya fito ya gaya mana wanne ne zai hana kama ɓarawo.