Wai omo ake ɗura wa masu jego?

Jama'a, yau kam sai na yi magana. Makon jiya matar ƙanena ta haihu a Ajingi. Jininta nagatif ne, na jaririn fozitif, sai ma'aikaciyar jinya ta ce a nemo allurar anti-D a yi mata kafin awa 72 su cika. Da ƙyar muka haɗa kuɗin na sayo daga Kano. Ina isowa gwaggonmu ta tare ni da wata murya ta WhatsApp: wai wani "masani" ya karanta takardar cikin kwalin ya ga an ambaci sinadarin wanki, don haka omo Turawa ke ɗura wa matanmu su daina haihuwa.

Karatun ya yi daidai, fahimtar ce babu. Daga ruwan jinin mutane da yawa ake tace wannan allurar. Ƙwayoyin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C duk suna sanye da rigar maiƙo. Sinadarin yana narkar da rigar, yadda sabulu ke cin maiƙon tukunya, ƙwayar ta mutu, maganin ya tsira. Daga nan a tace a fitar da sinadarin. Cibiyar jini ta birnin New York ce ta fito da dabarar a shekarun 1980, kuma sai da aka sha wuya tukuna. Rahoton da aka fitar a Birtaniya a 2024 ya ce sama da mutum 30,000 aka sa wa waɗannan cututtuka ta gurɓataccen jini da magungunansa, kusan 3,000 sun mutu.

Na san inda tsoron ya samo asali. Ban manta gwajin Trovan da Pfizer ta yi wa yaran Kano a 1996 ba. Amma ai mun ga abin da ƙin allurar shan-inna a 2003 ya jawo mana. Abin takaicin ma, macen da aka hana anti-D ita ce jininta zai iya yaƙar cikin gaba, a yi ta ɓari ko jariri ya zo da shawara mai tsanani. Wato mai muryar nan shi ke hana haihuwar.

In tambaya za ku yi, ku tambayi lambar NAFDAC, ku tambayi mai kyamis ko firjinsa na aiki, tunda kun san halin wuta a Gaya.

Gwaggo dai har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Allurar kuwa an yi, saura awa tara lokacin ya cika.